Falle da Jingina: Tarihin Bashin Kaka a Karkarar Arewacin Kano

I

A Amurka da Ingila akwai wani irin bashi na 'yan kwanaki da a ke ba ma'aikaci, bisa sharaɗin zai biya ran da ya ɗauki albashi, tare da ruwa mai yawa. A Amurka abin da aka fi sabawa da shi shi ne dala 15 bisa kowace dala 100 cikin mako biyu, wanda in an lasafta shi a shekara ya kusa kashi 400 cikin ɗari. Manomin ƙasar Hausa ba shi da albashin ƙarshen wata. Ranar biyansa ɗaya ce tak a shekara, watau kaka. Amma shi ma yana da bashin da ya ke ci bisa alkawarin wannan rana, shi ne falle.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi tarihin wannan bashi a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, har zuwa wajen Ɗambatta. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana ƙasar da ta kewaye Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda mutane suka haura 350 a kowane murabba'in mil. A irin wannan wuri gona na jikin gona, ba saura, ba dajin da za a sare. Wannan shi ya sa bashin da zai zama ciwon shekara guda a wata ƙasa, a nan ya kan zama asarar da 'ya'ya za su gada.

II

Ya kamata a fara da kalmomi, gama Hausa ta rarrabe abubuwan da a kan gwama. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, kamar garma ko jaki. Rance shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa, ba daɗi ba ragi. Bashi kuwa ya ƙunshi duk abin da ke wuyan mutum, kuma ba abin kunya ba ne a kan kansa, tun da an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙarin da a ke ɗora wa bashi shi a ke kira ruwa. Akwai kuma kalmomi biyu na asalin Larabci waɗanda boko ke rubutawa iri ɗaya. Riba mai jan wasalin farko ita ce amfanin ciniki, halal ce. Riba mai gajeren wasalin farko ita ce ƙarin da shari'a ta hana. A bakin mai magana ba su rikicewa, sai a takarda.

Falle shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi da bazara ko da damina, a biya da amfanin gona da kaka. Jingina kuwa ita ce a ba da gona a hannun mai kuɗi, ya riƙa nomawa yana cin amfaninta har ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Waɗannan biyu su ne farko da ƙarshen hanya guda.

Malaman Malikiyya, bisa abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun hana rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani, sun kuma hana musayar abinci da abinci in da jinkiri. Saboda haka dami ɗaya da damina a biya biyu da kaka haramun ne, ba gardama. Amma sun halatta salam, watau a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, muddin an faɗi nau'in kaya da mudu da lokaci. Falle na kuɗi ya yi kama da salam ƙwarai, kuma ta wannan ƙofa ya ke shiga gidajen da ba za su yarda da bashi da ruwa ba. Ba a ambaton ruwa ko kaɗan. Ruwan yana ɓoye cikin farashin da aka yanka wa hatsin da bai nuna ba tukuna.

III

Bashi ya girmi zuwan Turawa, haraji ma haka. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Akwai kuma zakka ta hatsi da a ke tarawa a hannun masu sarauta. Abin da ya sake bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903 shi ne irin kuɗin, da lokacin biya, da tsananin karɓa. A zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai daga birni suka zauna a ƙasashensu, aka shigo da awon taki, watau a auna gona da takun ƙafa a yanka mata haraji, aka kuma daina karɓar wuri, sai sule da kwabo. Dagaci na jiran mai unguwa, hakimi na jiran dagaci, Baitulmali na jiran hakimi, kuma duk wannan yana faruwa ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci arha.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa sun yi tsammanin auduga za ta cika shi, sai ga gyaɗa. Jigawar arewacin Kano ta karɓi gyaɗa, manomi kuma ya ga in ta ƙi sayuwa ana iya cinta. Kamfanonin Turawa, irin su kamfanin Neja wanda ya shige cikin U.A.C. a 1929, ba su san ƙauyuka ba. Sai suka dogara ga manyan fataken goro na Kano, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo, waɗanda suka riga suka san yadda a ke ba yara jari. Kamfani ya ba attajiri kuɗi, attajiri ya ba yaransa, yara suka ba 'yan baranda, 'yan baranda suka shiga ƙauye suna ba manoma kuɗi ko gishiri ko tufafi tun gyaɗa na ƙasa. Kowa cikin wannan jeri ana binsa, kuma kowa sai ya fitar da rabonsa daga abin da na ƙasa da shi ya kawo. A ƙarshen jerin kuwa sai manomi, wanda ba shi da wanda zai ɗora wa.

Ba a daɗe ba aka ga haɗarin abin. Damina ta 1913 ta gaza, yunwar da a ke kira Kakalaba ta auku a 1914, ta fi tsanani a arewacin lardin. A 1927 aka yi 'Yar Buhu, a 1942 'Yar Gusau, a 1954 Muda. Tsakanin waɗannan kuma, daga 1930, kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa ya karye, haraji bai sauka daidai da shi ba. Manomin da a da buhu ɗaya ke biya masa haraji, sai ya ga ba ya isa. Ko dai ya buɗe rumbu ya sayar da gero da arha, ko ya nemi mai ba shi kuɗi a kan gyaɗar baɗi. Ko wanne ya zaɓa, ya ci daga abincin damina mai zuwa.

IV

Yadda falle ke cin gida yana da sauƙin ganewa in an yi lissafi. Ga misali na lissafi kawai. A ɗauka gida yana bukatar dami 60 a shekara, gonarsa kuwa tana ba da 55. Da marka, wajen watan Agusta, rumbu ya ƙare, saura dami 5 kafin sabon gero. Maigida ya ci falle na dami 5 a kan zai biya 10. Da kaka ya girbe 55, ya biya 10, saura 45. Giɓin da ya ke dami 5 ya zama 15. Ya sake cin 15, ya biya 30, saura 25, giɓi ya zama 35. Cikin damina uku, ba fari, ba fara, ba ciwo, gidan da ƙiris ya rage ya ci da kansa ya koma ba ya da abincin rabin shekara. Ninki cikin wata uku kashi 400 ke nan cikin ɗari a shekara, kusan daidai da bashin ranar albashi na Amurka. Can ma abin da ke kashe mai cin bashi shi ne sabuntawa: ya biya na jiya, albashi ya gaza, ya koma ya ci sabo.

Amma fa akwai abin lura a nan, wanda a kan manta. Dami da marka da dami da kaka ba kuɗinsu ɗaya ba. A shekarar da hatsi ya ninka kuɗinsa tsakanin kaka da marka, wanda ya ba da dami ɗaya ya karɓi biyu bai sami abin da ya fi wanda ya kai nasa kasuwa ya sayar ba. Ashe ruwan falle ɗa ne, uwarsa ita ce tazarar farashi tsakanin lokacin da talaka ke sayarwa da lokacin da ya ke saye. Mai rumbu biyu yana cin wannan tazara ko ya ba da bashi ko bai bayar ba. Mai rumbu ɗaya yana biyanta ko ya ci bashi ko bai ci ba. Duk abin da ya tilasta wa mutane sayarwa gaba ɗaya da kaka, kamar haraji da biyan bashi da hidimar aure, yana ƙara faɗin tazarar, yana kuma ƙara tsadar bashin shekara mai zuwa.

Daga nan sai mataki na biyu. Wanda ya rasa hatsi da damina ya kan tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo na tuwon yau. Lokacin da a ke neman 'yan ƙwadago kuwa shi ne lokacin noman fari da maimai, watau daidai sa'ad da tasa gonar ke neman hannu. Ciyawa ta ci gero, abin da zai girbe ya ragu. Sa'an nan ya sayar da akuya da tunkiya, ya sayar da jaki. A wannan karkara, inda a ke noma gona kowace shekara ba hutu, taki shi ne ran ƙasa, kuma daga dabbobin gida ya ke fitowa, ko daga sharar birni wadda jakuna ke ɗaukowa. Wanda ya rabu da dabbobinsa ya rabu da takinsa. Har akwai wanda talauci kan sa ya sayar da takin kansa.

Mataki na uku shi ne jingina. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, amma wannan bai hana jinginar gonaki da sayar da su ba a kewayen Kano, inda abin ya daɗe. Ba a ɗora ruwa a kan kuɗin jingina, gama amfanin gonar shi ne ruwan. Wahalarta ita ce an karɓe wa mutum abin da zai noma ya fanshi gonar da shi. Sau da yawa ya kan koma wurin mai kuɗi ya nemi ƙari, har kuɗin ya kai darajar gonar, a kira shaidu a mai da ita saye. In gona ta tafi, gandu ya kan watse, gama uban da ba shi da gayaunar da zai ba ɗansa, ba ya iya biya masa haraji ko yi masa aure, ba shi da abin riƙe shi. Ɗan ya tafi cin rani, wata shekara ya ƙi dawowa.

V

Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da wannan al'amari. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina ya buga littafinsa a 1983, da Robert Shenton a 1986, sun tafi a kan cewa harajin Turawa da cinikin gyaɗa su suka raunana hanyoyin taimakon juna na da, suka jefa talaka cikin bashin da ba ya ƙarewa. Polly Hill kuwa, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967, da Ɗorayi kusa da Kano a 1971 zuwa 1972, ta ja hankali ga wasu abubuwa biyu. Na ɗaya, masu ba da bashi a ƙauye ba wata ƙabila ba ce dabam, manoma ne 'yan'uwan masu ci, har da matan kulle masu sana'ar mai da ƙuliƙuli, kuma mutum guda ya kan zama ana binsa yana bin wani. Na biyu, mafi talauci ba bashi ne ya yi masa yawa ba, ba ya samun mai ba shi ne sam. Samun bashi alama ce ta cewa har yanzu ana ganin mutum da sauran ƙarfi.

Christopher Udry ya bi gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989. Ya tarar kusan dukan bashin tsakanin mutanen da suka san juna ne, ba takarda, ba jingina. Ya kuma tarar abin da a ke biya yana bin halin da aka shiga. In masifa ta sami wanda a ke bi, a kan rage masa, a jinkirta masa. In ta sami mai bi, a kan biya shi da wuri, har da ƙari. Wannan ya dace da umurnin aya ta 280 ta Suratul Baƙara game da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

In an duba da kyau, waɗannan ra'ayoyi ba su rushe juna ba, gama bashi iri biyu su ke magana a kai. Akwai na maƙwabci, wanda ya ga gonar da idonsa, ya san tsutsa ta ci, kuma gobe zai haɗu da mai ita a masallaci da wurin jana'iza. Akwai kuma na ɗan baranda, wanda kuɗin da ke hannunsa ba nasa ba ne, ana jiransa a sikeli, ba shi da ikon yafewa ko da ya so. Haɗarin bashi yana ƙaruwa gwargwadon nisan asalin kuɗin daga gonar. Kuma ko na maƙwabcin yana da iyaka: ran da fari ya game ƙasa, kamar 1913 ko 1973, mai bi da wanda a ke bi duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

VI

An gwada magunguna iri iri. A 1935 aka kafa dokar jam'iyyun gama kai, bayan rahoton Strickland na 1934, kuma a shekarun 1950 da 1960 jam'iyyun Arewa suka riƙa ba manoma rancen kafin kaka don su kuɓuta daga 'yan baranda. Biyan bai yi kyau ba, kuma galibi masu ƙarfin ƙauye suka fi amfana. Hukumar cinikin gyaɗa ta 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, sun tsayar da farashi ɗaya na shekara, amma sun bar saye a hannun wakilai masu lasin, jerin ba da kuɗi tun gyaɗa na ƙasa bai yanke ba. Abin da ya yanke shi shi ne farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975. Bankin manoma na 1973 da shirin lamunin noma na 1977 sun fi isa ga wanda ke da takardar gona da sanin ofis. Shirin rancen manoma na Babban Banki, wanda aka buɗe a Kebbi a Nuwamba 2015, shi ma ya gamu da rashin biya mai yawa.

Biyu daga cikin abubuwan da suka fi sauƙaƙa wa manomin wannan karkara ba su da sunan bashi ko kaɗan. Na ɗaya shi ne soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979, abin da 'yan NEPU suka daɗe suna nema tun 1950. Wannan ya ɗauke babban dalili guda na sayar da hatsi dole da kaka. Na biyu shi ne madatsun ruwa da aka fara a zamanin Audu Baƙo, irin su Tomas da Watari da Jakara, waɗanda suka ba waɗanda ke kusa da su noman rani, watau ranar biya ta biyu a shekara. A Jamhuriyar Nijar kuma, tun wajen 1999, an gwada wata dabara da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma su tara hatsinsu da kaka a ɗaki guda mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun jam'iyyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi kuɗi a kan hatsin, su biya da abin da suka samu da rani, su buɗe ɗaki sa'ad da hatsi ya yi tsada. Wannan falle ne aka juya kansa: tazarar farashi ta koma aljihun wanda ya noma.

VII

Haraji ya tafi, dalar gyaɗa ta tafi, amma giɓin da ke tsakanin shuka da girbi yana nan. Abin da ke tura manomi neman kuɗi da damina yanzu shi ne takin zamani da maganin feshi da kuɗin asibiti. Kasuwar Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, tana cike da ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa masu saye da kaka su jira tsada. Gonaki kuwa gado ya daɗa tsattsaga su, birni kuma yana cin na kusa da shi, har gonar da aka sayar a Ungogo ba noma za a yi a cikinta ba, fegi za a yanka.

Daɗin daɗawa, bashin ranar albashi na ainihi ya iso ta wayar hannu, ga malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan cin rani. Mai bayarwa bai san mai karɓa ba, bai ga gonarsa ba, bai san an yi masa rasuwa ba. Wasu daga cikin kamfanonin, in biya ya yi jinkiri, sai su aika wa dukan sunayen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci. Wannan ya sa hukumar tarayya mai kare masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022, ta kuma fitar da ƙa'idojin rajista cikin shekarar. Kunya, wadda a ƙauye ita ke sa a biya kuma ita ke sa a yafe, an ɗauki rabinta na farko an bar na biyu.

A Ingila, tun Janairu 2015, doka ta hana mai ba da irin wannan bashi ya karɓi fiye da ninkin abin da ya bayar, watau iyakar da ta yi daidai da dami biyu a kan ɗaya. Ƙayyade ruwa yana da amfani inda a ke rubuta bashi. A ƙauyen da a ke ƙulla falle da baki, a soro, bayan sallar isha'i, ba alƙalin da zai ji labari, kuma wa'azin haramcin riba, ko da ya ke gaskiya ne, ba ya cika rumbu a watan Agusta. Tarihin shekara ɗari na wannan karkara ya nuna falle na raguwa ne sa'ad da manomi ya sami ikon riƙe hatsinsa har ya yi daraja, ko ya sami wata sana'a da ke kawo kuɗi tsakanin kaka da kaka. Inda waɗannan biyu suka rasa, za a ci gaba da sayar da gero tun yana karansa, ko da wane suna aka kira cinikin.